Muryar amsa ga masu tambaya kan wasan jirgin ruwa

Assalamu alaikum jama'ar zaure, da fatan an wuni lafiya. Tun da na ajiye sanarwar nan cewa ina neman mutum biyar mu yi wasan labari na tafiyar teku ta intanet, tambayoyi ke ta shigowa, wasu a nan, wasu ta bayan fage. Yayanmu na Zariya ya ce shin ba caca ba ce, tunda ya ji an ambaci dayis. Ƙanwarmu ta Maraɗi ta ce ita fa Faransanci ta yi a makaranta, Ingilishi ba ya zama a bakinta. Wani ya ce nawa ne nauyin gem ɗin a waya. Wani kuma, shi ya san kansa, ya ce ina Bahaushe ina teku. To bari in haɗa ku duka a murya ɗaya, don yatsuna ba za su iya wannan rubutun ba. Za ta ɗan yi tsawo, a yi haƙuri.

Da farko, ba gem ba ne da za ka sauke ka riƙa danne-danne. Magana ce zalla. Kamar tatsuniya ce, sai dai a nan masu sauraro ba "ta zo mu ji ta" kawai za su ce su yi shiru ba, kowa yana da mutum ɗaya a cikin labarin, kuma shi zai faɗi abin da mutuminsa zai yi. Ni ne mai ba da labari. Ni ne teku, ni ne iska, ni ne jami'in kwastan mai son na goro, ni ne duk wanda kuka haɗu da shi. Zan ce muku misali, asuba ta yi, hazo ya rufe ko'ina, wanda ke saman dogon itacen jirgi ya hango wani jirgi a tsaye, ba tuta, ba hayaƙin girki, ba motsin kowa. Me za ku yi? Shi ke nan, na yi shiru. Wani ya ce mu matsa mu duba, wata ta ce a'a tarko ne, wani ya ce shi zai yi iyo ya zagaya ta baya. Ku yi ta gardamarku, abin da kuka tsayar shi za a yi, kuma ni kaina ban san inda zai ƙare ba.

To ina dayis ya shigo? Yana shigowa ne kawai in abin da kake son yi zai iya yiwuwa, zai iya ƙin yiwuwa. Ba mai fuska shida irin na ludo kaɗai ba ne, akwai mai huɗu, mai takwas, mai goma, mai goma sha biyu, amma babbansu shi ne mai fuska 20. Ka ce za ka yi tsalle daga jirginmu zuwa wancan ana tsakiyar igiyar ruwa. Ni zan sa lamba a raina gwargwadon wuyar abin: mai sauƙi 10, matsakaici 15, mai wuya 20. A ce na sa 15, mutuminka kuma yana da ƙarin 3 saboda ƙarfin jikinsa. Kenan kana neman 12 ko sama. Daga 12 zuwa 20 fuska tara ce cikin ashirin, wato kashi 45 cikin ɗari. Ka ga faɗuwa ta ɗan fi kusa. Amma in ɗan uwanka ya ce shi zai wurga maka igiya, ko kuka jira igiyar ruwa ta ɗaga jirgin kafin ka yi tsallen, sai in ce ka jefa biyu ka ɗauki babba. Abin da nake so ku gane, dabara tana sauya lissafi. Wanda ya yi tunani ya fi wanda ya dogara da sa'a daɗewa a raye.

Yaya, batun caca: babu kuɗi, babu wanda ya ci wani, babu ma mai nasara da mai asara a tsakanin 'yan wasa, duk a jirgi ɗaya kuke. Sisi ba zan karɓa ba, sisi ba zan bayar ba. Amma na sani akwai malaman da suka tsananta a kan wasan dayis ko da babu kuɗi a ciki, saboda hadisin da ya zo a kan nardu, wani tsohon wasa da ake yi da dayis. Wanda yake kan wannan fahimta, wallahi ina girmama shi, kada ya takura kansa don ya faranta mini. Ba na son mutum ya zauna da mu zuciyarsa na ɗar-ɗar.

Dokokin da za mu bi na Dungeons & Dragons ne. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da shi a 1974, kuma asalinsa a kan tebur ake yi, da fensir da takarda. Mu bugu na biyar za mu yi, wanda ya fito a 2014. An sake yi masa kwaskwarima a 2024, amma ni na tsohon na riƙe a ka, shi za mu bi. Kada wanda ya sayi littafi. Kamfanin da ke da shi, Wizards of the Coast, ya saki ginshiƙin dokokin kyauta, har ma a 2023 ya sa shi ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wato izinin da ya ba kowa damar amfani da shi, don haka ba satar fasaha muke ba. Kuma ƙanwata, ki kwantar da hankalinki, da Hausa za mu yi daga farko har ƙarshe. Takardar mutuminki shafi ɗaya ce, akwai lambobi shida a kai: ƙarfi, zafin nama, juriya, ilimi, basira, da kwarjini. Ni zan cika miki, ke dai ki faɗa mini wace ce ita.

Yauwa, duniyar labarin. A nan ne ni abin ya fi yi mini daɗi, in na zarce ku yafe mini. Yawancin wasannin teku da za ka gani, 'yan fashin Karebiyan ne, hula mai kusurwa uku, igwa, giya, mutum mai ido ɗaya. Ni wannan ya ishe ni. Duniyarmu ƙirƙirarriya ce, sunayen garuruwa na ƙarya ne, amma a kan Tekun Indiya na gina ta, na wajen ƙarni na 14 zuwa na 15, zamanin da jirage ke zirga-zirga tsakanin Kilwa, Mombasa, Mogadishu, Adan, Hormuz, Kalikut har Malaka. Zinariya tana fitowa daga Sofala ta bi ta Kilwa, garin da Ibn Battuta ya ziyarta a 1331. Masoro daga gaɓar Malabar, lubban daga Zufar, tangaran daga Sin, hauren giwa daga gaɓar Afirka. Jiragensu ma da yawa ba ƙusa a jikinsu, ɗinke katakon ake yi da igiyar ɓawon kwakwa, a toshe kafofin, a shafe da mai. Ka yi tunanin kana tsakiyar teku a cikin jirgin da ɗinki ne ya riƙe shi.

Abin da ya sa na zaɓi wannan tekun shi ne iska. A can iska tana da kalanda. Da zafi ƙasar Asiya tana ɗaukar zafi fiye da ruwa, sai iska ta taso daga teku ta nufi tudu, tana busowa daga kudu maso yamma, daga wajen Afrilu zuwa Satumba. Da sanyi sai ta juya, ta riƙa zuwa daga arewa maso gabas, daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Waswahili suna ce wa ta farkon kusi, ta biyun kaskazi. Jirgi kuma ba inji, ƙyalle ne iska ke turawa. To in ka makara a tasha iska ta juya, ka zauna kenan, watanni, kana cin jarinka, ma'aikata suna guna-guni, mai bashi yana ƙirga kwana. A tsakiyar lokacin iskar kudun ma, wajen Yuni da Yuli, tekun yana haukacewa har tasoshin yammacin Indiya su daina aiki. Wannan shi ne bulalar labarinmu. Za ku fara da jirgi tsoho, da bashi a wuyanku, da kaya da dole su isa wani tsibiri kafin iska ta juya. Duk tsayawar da za ku yi, ko don ceton wani, ko don kwaɗayin dukiyar da ta nutse, kwana ne ya tafi. Ba ni zan hana ku ba, ni dai ina ƙirgawa.

Shi kuwa mai cewa ina Bahaushe ina teku, malam ka tambayi tsofaffin gidanku labarin alhazan ƙasa. Mutanen da suka taka daga nan suka ratsa Chadi da Sudan har Sawakin, a me suka tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda? A irin waɗannan jiragen na katako. Kuma in kana son mutuminka ya zama ɗan tudu wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba, yana amai tun daga tasha, bismillah, irinsu sun fi daɗin wasa.

Me ya sa biyar, ba goma ba? Saboda a murya muke, in aka wuce biyar sai masu baki su cinye masu kunya. Kuma kowa yana da aiki a jirgin. Akwai kyaftin, shi ke yanke magana in an rasa matsaya. Akwai mai duba hanya, wannan kujerar ina so wanda ke son lissafi ya ɗauke ta. Matuƙan wancan zamanin, irin su Ahmad bin Majid na ƙarni na 15, suna da wani ɗan allo da igiya mai ƙulli-ƙulli, sunansa kamal. Ka ciji igiyar, ka miƙa allon gabanka, ka auna tsayin tauraron arewa daga inda sama ta haɗu da ruwa. In tsayin ya yi daidai da na tashar da kake nema, sai ka juya gabas ko yamma ka miƙe. Zan sa wannan a wasa, in gajimare ya rufe sama kuma sai ka san yadda za ka yi. Akwai kafinta mai kula da ɗinkin jirgi, akwai mai magani, sannan akwai ma'aji, mai riƙe da ruwan sha da abinci da ciniki. Kada ku raina ma'aji. Dodo ana iya guje masa, amma in ruwan sha ya ƙare ba inda za a gudu.

Abin al'ajabi kuwa yana nan, labarin ƙirƙira ne ai. Akwai mutanen ƙarƙashin ruwa masu kasuwarsu, akwai tsibirin da ba ya kwana wuri ɗaya, akwai abin da ke bin jirage da dare wanda ba zan faɗa muku ba. Amma na sa iyaka: addininmu ba ya shiga wasa. Ba sunan Allah a abin wasa, ba annabawa, ba aya, ba bautar wani abu. Masu baiwa a labarin, baiwarsu ta iska ce da ruwa da ganyaye. Haka kuma ba batsa, ba wulaƙanta mace, ba zagin ƙabila. Mata suna cikin zauren nan kuma ina so su shigo, kujerar kyaftin ma ba ta da jinsi.

To yanzu ga inda nake da zafi, ku saurara da kyau. Ba gwani nake nema ba. Wanda bai taɓa yi ba ya fi mini sauƙi, zama biyu ya gane. Mai zuwa nake nema. Irin wannan wasan ba dodo ke kashe shi ba, "yau ba zan samu dama ba" ke kashe shi. A labarin tudu in mutum bai zo ba sai a ce ya tsaya a gari. A tsakiyar teku ina zan ce ka tafi? In mai duba hanya ya ɓace ba sanarwa, mutum huɗu sun bar harkokinsu, sun sayi data, sun zauna jiran banza. Uzuri kam dole ne, akwai rashin lafiya, akwai biki, akwai rasuwa, akwai wuta da sabis da duk mun san halinsu. Ka dai sanar da wuri, sai wani ya riƙe maka mutuminka. Amma ɓacewa sau biyu a jere ba ko saƙo, zan ba wani kujerar, kuma ba faɗa ba ne, za mu ci gaba da gaisawa.

Lokaci: duk Asabar, ƙarfe 8:30 na dare zuwa 11, agogon Najeriya, wanda shi ne na Nijar da Kamaru da Chadi. Na Gana ku naku 7:30 ne, za mu duba batun isha'inku. Na Sudan 9:30, na Saudiyya 10:30, ku auna da kanku ko za ku iya. Zango na farko zama goma sha biyu ne, in mun kai tsibirin sai mu zauna mu ga ko za a ci gaba. Da azumi za mu tsaya cak.

A Discord, wata manhajar hira, za mu haɗu, murya kawai, ba bidiyo, saboda data da kuma sirrin gidajen mutane. A can za a riƙa jefa dayis kowa yana gani, ba mai cewa ya samu 20 a ɗakinsa. Taswira zan turo ta hoto a nan WhatsApp, ba sai da kwamfuta ba. Ku nemi abin kunne don Allah, kuma in ba kai ke magana ba ka kashe makirfo, kada mu yi yaƙi da 'yan fashi janareton maƙwabcinka na amsa mana.

Zaman farko ba wasa za a yi ba. Za mu ƙera mutanenmu tare, ku raɗa wa jirgin suna, ku faɗa mini abin da ba ku so ya fito a labari, misali in wani ya taɓa rasa ɗan uwa a hatsarin kwalekwale kuma ba ya son a zurfafa bayanin nutsewa, wannan haƙƙinsa ne, ya faɗa mini a keɓe.

Mai so ya turo mini abu uku ta bayan fage, ba a nan ba don kada mu cika wa mutane waya: aikin da yake so a jirgin da wanda zai karɓa in an riga shi, ko Asabar ɗin ta yi masa tsakani da Allah, sannan layi biyu ko uku a kan mutuminsa, musamman me ya koro shi daga tudu. Murya ma ta yi in rubutu na ba ka wuya. Zan rufe karɓa ranar Laraba da dare, in an fi biyar sauran su shiga layin jira, kuma an yarda su zo su saurara da makirfo a kashe. Yaya, kai ma in kana so ka zo ka ji da kunnenka kafin ka yanke hukunci. Sai na ji ku, a gaida gida.