Amsa ga mai tambayar inda ƙaninsa zai koyi kwamfuta a Gusau

Malam, ka ce ƙaninka ya gama sakandare kana son ya koyi kwamfuta amma kana tsoron wuraren da ke karɓar kuɗi su ba da satifiket kawai. Wallahi tsoronka na kan hanya, yara da yawa sun yi wata shida suna kwafar rubutu daga allo, ka ce su sa Windows ko su haɗa firinta sai ido.

Kafin ka biya ko sisi ka je da kanka, ka ƙirga kwamfutocin da ke aiki, ka tambayi yara nawa ke zama kan guda ɗaya, kuma in an ɗauke wuta akwai sola ko janareta? Sannan ka tambaya yadda suke jarrabawa, don inda ake koyarwa ta gaskiya aiki ake ba yaro ya yi a gaban malami, ya haɗa netwok ko ya shirya lissafin shago a Excel, in bai iya ba ya sake har hannunsa ya faɗa, ba a wuce da shi don wata ya cika.

Tsarin NSQ, wato tsarin ba da shaidar ƙwarewa a sana'a na hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha a Najeriya, haka yake, har wanda ya koya a shagon ubangida ana iya gwada shi a ba shi shaida. Ka tambayi masu wurin koyon ko suna cikinsa. In diploma yake so akwai poli ta tarayya a Ƙaura Namoda da ta Abdu Gusau a Talata Mafara.

Amma don Allah ya zaɓi fanni ɗaya tukuna, gyaran kwamfuta ko zane da ita, kar ya tara duka lokaci guda.