Tambaya da Amsa: Me ya sa yake ja da baya in na matso?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a wata ƙungiyar agaji tare da wani Bature ɗan Ingila. Muna shiri sosai, amma da na matso kusa muna magana sai ya ja da baya. Ran nan ma na riƙe hannunsa bayan mun gaisa, ya yi wuf ya zare. Ƙyamata yake yi? (Mai karatu daga Maiduguri)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da wuya ƙyama ce. Ma'aunin tazararku ne ya sha bamban.

A shekarun 1960 wani masanin al'adu ɗan Amurka, Edward Hall, ya kasa tazarar da mutane ke bari a tsakaninsu gida huɗu. Daga jiki zuwa santimita 45, wato kamu guda, ta miji da mata ce da 'ya'ya. Daga nan zuwa mita 1.2 ta abokai da dangi. Zuwa mita 3.6 ta hulɗar aiki da baƙi, abin da ya wuce haka kuma ta mai jawabi gaban taro. Amurkawa ya auna, don haka ba dokar duniya ba ce, amma mutumin Ingila bai yi nisa da ita ba.

Kai ka matso inda ka saba tsayawa da aboki, shi kuwa a wurinsa ka shigo fagen iyali. Ya ja da baya, ka cike gurbin ba ka sani ba, ya ƙara ja, har bayansa ya taɓa bango. Ka tafi kana cewa girman kai gare shi, ya tafi yana cewa ka takura masa.

Maganin ba wuya. In kun yi musafaha, daƙiƙa biyu ko uku sun isa, ka saki hannun ko da gaisuwar ba ta ƙare ba. Ka tsaya inda in ka miƙa hannu yatsunka ba za su taɓa kafaɗarsa ba, ka ɗan karkace maimakon ƙirji da ƙirji. In za ka nuna masa abu a kwamfuta, ja kujera gefensa, kada ka sunkuyo ta bayansa. Riƙe hannu ana tafiya, wanda a wurinmu zumunci ne tsakanin maza, a can masoya ake gani da shi, to ka bar wannan. Ka kuma lura da jikinsa: in ya kwantar da kafaɗa baya, ko ya rungume fayil a ƙirji, ko tsinin ƙafarsa ya dubi ƙofa, ka yi kusa da yawa.

Kana son tabbaci? Duba yadda yake tsayawa da 'yan'uwansa Turawa. In tazarar ɗaya ce, magana ta ƙare. In kai kaɗai yake gudu, binciki ƙarfin turarenka, warin baki da ƙarar murya kafin ka zarge shi.

Mu ma fa muna da namu ma'aunin, sai dai girma da jinsi muke dubawa. Aboki kan dafa kafaɗar aboki, amma wa ya isa ya tsaya a kan surukinsa? Daga nesa za ka tuɓe takalmi, ka durƙusa a gefen tabarma.

Tambaya: Na fara aiki a wani kanti a Jidda. Maigidana yakan matso har ina jin numfashinsa. Yaya zan yi? (Mai karatu daga Damagaram)

Amsa: Taka kuma akasin ta sama ce. Tsakanin maza, Larabawa da dama na magana kusa da kusa, har da haɗa kumatu wajen gaisuwa, kuma alamar yarda ce. In ka ja da baya kai tsaye zai iya ɗauka gudunsa kake yi. Gara ka goce rabin taku zuwa gefe, kafaɗarka na kallon tasa, ka ci gaba da magana. Da mata masu sayayya kuwa ka bar teburin kanti tsakaninku, kada ka fara miƙa hannu.