Namijin Rex zai gyara gashin zomayena?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina kiwon zomaye a bayan gida a Aboabo, nan Kumasi. Gashinsu ya dushe, wasu har yana zubewa a hanci da gefen kunne. An yi mini tallar namiji irin Rex mai tsada, wai duk 'ya'yansa za su fito da gashi kamar karammiski. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki riƙe kuɗinki tukuna. Zubewar gashi a hanci da kunne, balle in akwai ɓawo-ɓawo, galibi ƙazuwa ce, ba laifin iri ba. Ki nemi likitan dabbobi ya duba su, maganin ivermectin aka saba yi musu, sannan a wanke keji tas. Ki ƙara musu harawa da ganyen gyaɗa, ki kuma mayar da kejin inuwa, don zafi na wahalar da zomo ƙwarai.

Shi kuwa mai tallar bai faɗa miki gaskiya duka ba, kuma hakan na ba ni takaici, don masu ƙaramin jari ake cuta da irin wannan magana. Rex ya samo asali ne a Faransa a 1919, kuma gashin nan nasa gajere mai laushi ɓoyayyen gado ne: sai ɗa ya same shi daga uwa da uba duka kafin ya bayyana. In zomayenki mata ba su ɗauke da shi, haihuwar farko duk gashin da kika sani za su yi. In kika haɗa 'ya'yan junansu, kusan ɗaya cikin huɗu ne zai fito Rex. In kika mayar da 'yar ga namijin Rex, kusan rabi. Cikin zomo kwana 31 ne, amma sai ɗan ya kai kamar wata 6 za ki san ainihin gashinsa. Saboda haka in Rex ɗin kike so, sayen mace da namiji waɗanda ba dangin juna ba ya fi.

Ranar saye, ki hura iska a gadon bayansa. In fata ta bayyana sosai, gashin ba kauri. Ki duba gashin bakinsa: na Rex a lanƙwashe yake. Ki juya shi ki ga tafin ƙafa, don gashin wurin siriri ne, wayar keji na saurin ji masa ciwo. Ki shimfiɗa masa katako a keji. Kuma ki ce a nuna miki iyayensa. Wanda ya ƙi, ki bar masa zomonsa.