Katin hoto a Linux: AMD ko Nvidia, kuma ina ake samo direba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa kwamfutar tebur, kuma na yanke shawarar barin Windows in koma Linux. Abin da ya rage mini shi ne katin hoto, wato ɓangaren da ke sarrafa abin da ke fitowa a allo. Wani abokina ya ce in guji Nvidia, wai ba sa ga maciji da Linux, wani kuma ya ce tsohon zance ne. Ina ɗan buga gem, ina kuma tace bidiyo. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abokan nan naka kowa ya faɗi gaskiya, sai dai kowa rabi ya ba ka. A Linux, kafin a tambayi ƙarfin kati, ana fara tambayar direbansa, wato manhajar da ke tafinta tsakanin katin da kwamfutar. Nan ne kamfanonin uku, AMD da Intel da Nvidia, suka raba hanya.

Direban AMD mai suna amdgpu yana cikin kanel, zuciyar Linux kenan, tun 2015. Ɓangaren da ke kula da zane da wasanni kuma yana cikin tarin manhajojin da ake kira Mesa, wanda kusan kowane nau'in Linux ke zuwa da shi. Ka soka katin, ka kunna, shi ke nan. Ba abin da za ka je ka sauko da shi. Kuma ba direban jeka-na-yi-ka ba ne. Na'urar wasa ta Steam Deck da kamfanin Valve ya fitar a 2022 da kayan AMD take aiki a kan Linux, don haka Valve na zuba ma'aikata wajen gyara wannan direban, kai kuma ka ci moriya.

Na Nvidia daban yake. Shekaru da dama a rufe yake ruf, wato kamfanin kaɗai ke iya duba yadda aka rubuta shi ya gyara, ana ɗora shi daga waje, har takaici ya sa Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya caccaki kamfanin a bainar jama'a a 2012. Daga nan maganar abokinka na farko ta samo asali. Amma a 2022 Nvidia ta buɗe ɓangaren direbanta da ke hulɗa da kanel, ga katunan GTX 16 da RTX 20 zuwa sama, a 2024 kuma direba mai lamba 555 ya magance yawancin ƙyaftawar allo da ake fama da ita a Wayland, sabon tsarin nuna hoto a allo na Linux. Da sauƙi ƙwarai yanzu. Duk da haka sauran direban yana nan a rufe, kuma har gobe kai ne za ka ɗora shi, ka kuma lura da shi duk lokacin da kanel ya sabunta.

To me ya sa mutane ke jure wannan ɗawainiya? Saboda CUDA, fasahar Nvidia da ke ba manhajoji damar yin manyan lissafi da ƙarfin katin. Manhajojin koyar da ƙirƙirarriyar basira da dama, da Blender wajen fitar da zane, da DaVinci Resolve wajen tace bidiyo, sun fi samun natsuwa a kan Nvidia. AMD na da nata da ake kira ROCm, amma ba kowane kati yake ɗauka ba, kuma saita shi kan ci lokaci. Ba ka faɗa mini manhajar da kake tace bidiyo da ita ba. In Kdenlive ce ko Shotcut, ɗauki AMD ka huta. In DaVinci Resolve ce kuma da ita kake neman abinci, ni Nvidia zan saya, in rungumi ƙaddarar direban.

Wani tarko da ba a cika faɗa ba: da yake direban AMD a cikin kanel da Mesa yake, sabon kati na bukatar sabon Linux. Katin RX 9070 da ya fito a 2025 yana son kanel 6.13 ko sama da haka, tare da Mesa 25, alhali nau'in Linux na Ubuntu 24.04 da kanel 6.8 ya fara fitowa. Ka haɗa sabon kati da tsohon faifan girkawa, sai ka rantse katin ne ya lalace. A cikin nau'o'in Linux, Fedora da Arch kan yi saurin kawo sabo, Debian kuwa a hankali take tafiya da gangan. Sannan in allonka 4K ne mai sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa, yi amfani da wayar DisplayPort, domin a 2024 ƙungiyar da ke riƙe da HDMI ta hana AMD saka HDMI 2.1 a buɗaɗɗen direbanta.

Intel fa? Katunanta na Arc ma direbansu a buɗe yake, kuma sun iya matse bidiyo. Ka dai tabbatar madabod ɗinka na da Resizable BAR, saitin da ke ba kwamfuta damar kaiwa ga duk ma'adanar katin lokaci guda, kuma an kunna shi, in ba haka ba ƙarfinsu zubewa yake yi.

Tambaya: Malam, ina da RTX 3060 a kan Ubuntu. Na sauko da direba daga shafin Nvidia na girka, yana aiki lafiya. Da na sabunta kwamfutar na sake kunnawa, sai baƙin allo. Katin ya mutu ne?

Amsa: Bai mutu ba, in sha Allahu. Direban da ka girka an ɗinka shi ne daidai da kanel ɗin ranar. Sabuntawa ta kawo sabon kanel, rigar ta ƙi shiga. Danna Ctrl da Alt da F3 tare, za ka samu wurin rubuta umarni. Shiga da sunanka, ka cire wancan direban da sudo nvidia-uninstall, sannan ka rubuta sudo ubuntu-drivers install, ka sake kunnawa. Wanda ya zo ta rumbun Ubuntu yana bin kanel duk inda ya je. Masu Linux Mint suna da Driver Manager, masu Fedora kuma su bi ta rumbun manhajoji na RPM Fusion.

In har yanzu shiru, duba Secure Boot, tsarin tsaron da ke tantance manhajoji yayin kunna kwamfuta. Idan yana kunne, ba ya yarda da direban da ba shi da sa hannun da ya sani. Wani lokaci yayin girkawa akan ce ka zaɓi kalmar sirri, da ka sake kunnawa sai shuɗin allo ya fito yana maganar MOK, wato makullin sa hannun mai kwamfuta. Mutane da yawa tsorata suke yi su tsallake shi, alhali a nan ne ake rajistar sa hannun. Bayan komai, rubuta nvidia-smi. In ya nuna sunan katinka, an gama.

Tambaya: Ina da tsohon GTX 1060, kuma ba na son rufaffiyar manhaja ko ɗaya a kwamfutata. Nouveau, buɗaɗɗen direban katunan Nvidia, zai ishe ni?

Amsa: Don karatu da rubutu da yawo a intanet, zai kai ka. Don gem kuwa, a'a. Nouveau aikin 'yan sa-kai ne da suka binciko yadda katunan ke aiki da kansu, amma a jerin GTX 900 da GTX 10 ba ya iya ɗaga saurin katin, saboda Nvidia ta kulle wannan ɓangaren da sa hannunta. Katin zai yi ta tafiya a giya ta ɗaya. Buɗaɗɗen ɓangaren da aka saki a 2022 ma bai haɗa da naka ba, kuma jerin direba na 580 shi ne na ƙarshe da ke ɗaukarsa. Tunda aƙidarka kenan, nemi katin AMD na hannu, ko RX 580 ko RX 6600, ka duba wutar da akwatinka ke bayarwa kafin ka biya.