Ta ina zan fara koya wa ɗalibai haɗa shafin intanet, ga ƙarancin kwamfuta ga matsalar wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni malami ne a wata cibiyar koyon sana'a, ina koyar da Word da Excel da ɗan CorelDraw. Yanzu an ce in ƙara musu darasin haɗa shafin intanet na wata uku. Ɗalibaina 20 ne kwamfuta 7, wuta sai a hankali, data kuma daga aljihuna take fita. Wasu sun ce in fara da HTML, wasu sun ce ɓata lokaci ne in tafi WordPress kawai, wani ma cewa ya yi ChatGPT ya riga ya kashe sana'ar. Don Allah ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri ya sa wa aikin albarka. Wata uku ya isa a yi abin kirki, kuma kwamfuta 7 ba abin rainawa ba ne in an tsara.

Abin da zan fi nanata maka shi ne, kada sati na biyu ya ƙare ba tare da kowane ɗalibi yana da shafinsa a kan intanet ba, ko da kuwa sunansa ne kawai da hoto ɗaya da layi uku na rubutu, ya buɗe shi a wayarsa da datarsa, ya tura link ɗin gidansu a WhatsApp su ma su buɗe. Dalili kuwa yawancin irin waɗannan kwasa-kwasan a folda suke ƙarewa, a yi wata uku ana buga kod ana ajiyewa a kan kwamfutar makaranta, ranar da bairos ya shiga ta filas aka yi fomatin shi kenan komai ya tafi, yaro ya karɓi satifiket amma bai taɓa ganin yadda ake ɗora shafi ba balle ya san me ake nufi da domen, wato adireshin shafi a intanet. Yaron tela ba a yaye shi don ya iya taka keke a kan ƙyalle, sai ya ɗinka rigar da wani ya sa ya fita da ita cikin jama'a, to haka wannan sana'ar take.

Maganar HTML ko WordPress, ni ina ganin ka fara da HTML da CSS, wato kod ɗin da ake gina shafi da wanda ake ƙawata shi, amma kar ka daɗe a wurin, sati huɗu zuwa biyar ya wadatar. Gaskiya ne WordPress, tsarin haɗa shafi ba sai an buga kod ba, wanda aka fito da shi tun 2003, shi ne ke ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya, kuma yawancin aikin kuɗin da ɗalibanka za su fara samu da shi za su yi, shafin makarantar kuɗi, asibiti, ƙungiya, kamfanin gine-gine. Amma wanda ya faɗa WordPress bai san HTML ba, ranar da hoto ya ƙi zama inda ake so ko rubutu ya hau kan rubutu sai ya tsaya cak, abin da ya iya kawai shi ne canza tim, wato shiryayyar kwalliyar shafi, ko ƙara fulogin, wato 'yan manhajojin da ake jona masa, ya yi ta lafta su har shafin ya yi nauyin da ba ya buɗuwa. Sannan ga wata fa'ida da ta dace da halin da kake ciki, HTML da CSS ba sa buƙatar intanet ko kaɗan wajen koyo. Notepad da burawza sun isa. In kwamfutocin suna da ɗan ƙarfi ka sa manhajar rubuta kod ta VS Code, in tsofaffi ne masu nishi ka sa Notepad++ ba ya cin komai. JavaScript kuwa ka bar shi sai ƙarshe, ka nuna musu ɗan abin da yake yi kamar buɗe menu da rufewa, wanda ya ji yana sha'awa zai bi shi da kansa daga baya, kar ka ce sai ka cusa shi duka cikin wata uku za ka rasa rabin ajin.

Rabon kwamfuta, ka zaunar da su uku-uku, ɗaya na bugawa ɗaya na karanta masa daga takarda ɗaya na duba kuskure, duk minti 20 a canza. Ka sa ido sosai a nan domin kullum akwai mai zaƙewa da zai riƙe kibod ya hana kowa, kuma sau da yawa 'yan mata ne da masu kunya ake bari da kallo. Ranar da babu wuta ba ranar hutu ba ce, a ɗauko takarda da fensir kowa ya zana yadda shafinsa zai kasance, ina suna zai zauna, ina hoto, ina lambar waya, kuma ya zana shi a tsaye siriri kamar fuskar waya. A ranar ne kuma za a rubuta bayanin da zai shiga shafin, wanda shi ne abin da ya fi ba ɗalibai wahala fiye da kod ɗin ma. Masu wayar Android su sauke Acode, ana rubuta HTML a ciki a ga sakamako nan take, ba daɗi kamar kwamfuta amma yana hana hannu yin sanyi.

Na ce fuskar waya da gangan. Mutanen da za su buɗe shafin mai shago a Kantin Kwari ko mai sayar da kilishi kusan dukkansu da waya za su buɗe, wata ma ƙaramar Tecno ce ko itel mai tsagaggen gilashi, a wurin da netwok ke rawa. Saboda haka tun darasin farko ka sa su saba da layin meta viewport a saman kowane shafi, in babu shi wayar za ta ƙanƙance shafin ya zama sai an ja da yatsa biyu kafin a karanta. Ka nuna musu maɓallin F12 a Chrome, akwai wurin da ake mayar da shafi girman waya, akwai kuma inda ake rage gudun netwok da gangan a ga yadda shafi ke jan ƙafa. Hoton da aka ɗauka da waya yakan kai megabait 3 zuwa 5, ɗalibi ya zuba guda goma a shafi ɗaya, ka lissafa datar da mai ziyara zai ƙona kafin ya ga farashin kaya, ai kafin ya buɗe ya fita. Ka koya musu rage hoto kafin ɗorawa, akwai Squoosh na Google kyauta ne a burawza yake aiki, hoton nan zai dawo kilobait 100 ko 200 kuma ido ba zai ga bambanci ba a waya. Ni a wurina ɗalibin da ya iya wannan ya fi wanda ya iya sa rubutu yana walƙiya yana yawo.

Yanzu ɗorawar kanta. Don koyo ba sai ka kashe ko sisi ba, GitHub Pages kyauta ne, ɗalibi ya buɗe akawun da imel ɗinsa, ya ɗora fayilolinsa ta burawza, bayan 'yan mintoci shafi ya fito da adireshi mai sunansa da github.io a ƙarshe. Netlify ma yana da wurin da ake jawo folda a saki kawai. Data kaɗan suke ci tunda fayilolin ƙanana ne, hotspot na wayarka zai ɗauki ajin in ka kashe wa Windows sabunta kansa, in ba haka ba shi zai shanye datar kana zaune. Sai dai ka sani dokar GitHub Pages ba ta yarda a mayar da shi wurin gudanar da kasuwanci ko shagon saye da sayarwa ba, na koyo ne da nuna aikin hannu, in kwastoma ya zo a saya masa hostin na kuɗi, wato hayar wurin ajiye shafi a intanet.

A wannan ranar ta ɗorawa za ka ga wani abu da kusan kowane aji sai ya faru. Yaro zai ɗaga hannu ya ce Malam a kwamfuta hotona yana fitowa amma a waya wani ɗan akwati ne kawai a wurin. Ka je ka duba kod ɗin, ko dai ya rubuta hanyar hoton tun daga C: har Desktop wanda babu shi a kan saba, wato kwamfutar da ke ajiye shafin a intanet, ko kuma sunan fayil ɗin Shago.JPG ne shi kuma ya rubuta shago.jpg, Windows ba ruwansa da babban baƙi ko ƙarami amma yawancin sabobi Linux ne kuma a wurinsu suna biyu ne daban. Kar ka gyara masa, ka nuna masa ya gyara da hannunsa, daga ranar zai riƙe doka: sunan fayil da ƙananan baƙaƙe, ba tazara, hotuna duk a folda ɗaya, shafin farko kuma sunansa index.html.

Akwai abin da ya shafe mu mu masu Hausa wanda ba za ka gani a bidiyoyin YouTube ba, wato baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da ake amfani da ita a Nijar. In ba a sa layin meta charset UTF-8 ba, kuma ba a ajiye fayil ɗin a UTF-8 ba, kalma kamar "ƙasa" sai ta koma wasu alamomi marasa kan gado. Wani lokacin kuma kod ɗin daidai yake amma salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da baƙaƙen, sai ka ga ƙ ɗin ta fita daban da sauran kalmar ko ta zama akwati. Noto Sans yana da su, Andika ma haka. Su kuma sa lang="ha" a saman shafin Hausa. Ka ƙarfafa musu yin shafi da Hausa ko da harshe biyu, domin kwastoman da ke sayar da taki ko maganin dabbobi masu sayensa Hausa suke karantawa.

Daga sati na shida sai ka shiga WordPress, shi ma ba sai da intanet ba, ka sa XAMPP a kwamfutocin ya mayar da kowacce ƙaramar saba, ka sauke WordPress ɗin da tim biyu ko uku sau ɗaya ka raba da filas mai tsabta. Amma ka yi ƙoƙari cibiyar ta sayi hostin ɗaya da domen ɗaya na gaske ko da mafi araha ne, don su ga cPanel, wurin da ake sarrafa hostin, da idonsu, su ga yadda ake haɗa domen da hostin, su ga cewa wani lokaci sai an jira awanni har kwana biyu kafin adireshi ya fara aiki ko'ina, su kunna kwaɗon nan na https, wato tsaron shafi, wanda Let's Encrypt ke bayarwa kyauta. Domen na Najeriya ƙungiyar NiRA ce ke kula da shi, ana saye ta hannun kamfanonin da ta amince da su kuma da naira ake biya, .com.ng ya fi .ng araha, na Nijar kuma .ne ne.

Watan ƙarshe kowane rukuni ya fita ya nemo mai sana'a na gaske a unguwa, mai ɗinki, mai gyaran waya, mai yin cincin da alkaki na biki, islamiyya, a yi masa shafi. A nan ne za su koyi abin da ba ya cikin kod, yadda ake zama da mutum a tambaye shi me yake so, yadda ake ɗaukar hoton kayansa da hasken rana maimakon kwaso hoton wasu a Google wanda haƙƙin mutane ne kuma yana iya jawo rigima, yadda ake neman izini kafin a sa hoton ɗalibai ko lambar wani, tunda akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023. Su sa maɓallin WhatsApp, wato wa.me sai 234, lambar Najeriya, sai lambar wayar ba tare da sifilin farko ba, domin a nan cinikin zai ƙare ba a fom ɗin imel ba.

Don Allah Malam ka ware rana guda kan amana. Domen haya ce ta shekara-shekara, dole a faɗa wa kwastoma tun farko cewa baɗi zai sake biya, kuma a yi rajistar da sunansa da imel ɗinsa, a miƙa masa kalmar sirri a rubuce. Abin da ke ɓata wa masu wannan sana'a suna shi ne yaro ya yi rajista da imel ɗinsa, ya canza layi ko ya bar gari, shekara ta zagayo shafi ya mutu mai shi bai san inda zai nufa ba, ga adireshin an riga an buga a allon shago da kati. Ka koya musu rubuta 'yar yarjejeniya ko da rabin shafi ce, shafuka nawa, gyara sau nawa, kuɗin aiki daban kuɗin domen da hostin daban, a karɓi rabi kafin a fara.

Shi kuma ChatGPT, gaskiya yana rubuta kod ɗin shafi cikin daƙiƙoƙi kuma ba amfanin ɓoye wa ɗalibai hakan. Ni dai zan hana shi a satuttukan HTML har sai hannunsu ya faɗa, daga nan in bari su yi amfani da shi da sharaɗin duk layin da ya ba ka sai ka iya yi wa aji bayaninsa. Ba shi zai je shagon Alhaji ya ɗauki hoto ba, ba shi zai ɗaga waya ranar da shafi ya ƙi buɗuwa ba, kuma wanda bai san kod ba ko an ba shi mai kuskure ba zai gane ba.

Wajen ba da maki, ka rage jarrabawar takarda. Kowa ya kawo link, ka buɗe a wayar da ta fi kowacce rauni a ajin da data ba da wayifai ba, ka duba ya buɗe da wuri, ana karanta rubutun ba tare da an ja ba, ƙ da ɗ sun fito daidai, maɓallin WhatsApp ya kai inda ya kamata, sannan ka ce ya canza farashin kaya ɗaya a gabanka ya sake ɗorawa. Kai kuma don naka shirin, shafukan koyo na MDN Web Docs da freeCodeCamp kyauta ne, ka riƙa gaba da ajin da sati biyu ya ishe ka a zagayen farko.