Ɗana yana aji uku bai iya karatu ba, Hausar gida ce ta hana shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana shekararsa takwas, yana CE1, wato aji uku, a makarantar gwamnati a nan Garwa ta Kamaru. Kwanan nan na lura in na buɗe masa shafin da suka yi a aji sai ya zubo shi tas, in na juya wani shafin sai ya yi tsuru-tsuru. Maƙwabta sun ce laifina ne da nake yi masa Hausa, wai in koma Faransanci zalla, ga nawa Faransancin bai taka kara ya karya ba. Babansa kuma ya ce a cire shi a ɗauko mai koya masa a gida. Ko barcin kirki ba na yi. Wata uwa daga Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana shi. Kwantar da hankalinki, a shekara takwas ba a makara ba, kuma da kanki kin gano ciwon: hadda yaron yake yi. A ajin da yara suka cika maƙil, malami ya karanta su amsa baki ɗaya, yaro mai kaifin kunne zai wuce SIL da CP, wato aji ɗaya da na biyu, bai taɓa haɗa baƙi da wasali da kansa ba.

Maganar maƙwabtanki ce ta fi damuna, domin babu ranar da ba a jin ta, kuma tana ɓata yara. Hausa ba ta hana kowa Faransanci. Yaron Garwa yana Hausa a gida, yana Fulatanci a waje da abokansa, yana biya baƙaƙen Larabci a makarantar allo. Wa ya taɓa cewa Fulatancin ya lalata masa Hausa? Wannan tsoro gado ne daga makarantun zamanin Turawan Faransa, inda ake rataya wa yaro wani abin kunya a wuya idan an kama shi yana yaren gidansu. Turawan sun tafi, mu muka riƙe tsoron muna ba 'ya'yanmu.

Duba abin da zai faru in kin bi shawarar. Faransancin da za ki iya yi masa bai wuce zo, zauna, ci, yi shiru ba. Tatsuniya ta tsaya, kacici-kacici ya tsaya, yaro ya daina tambayar me ya sa, domin uwar ba ta da kalmomin amsa masa. To, a cikin irin wannan hira ce yaro ke koyon bin labari daga farko zuwa ƙarshe, ya gane dalili da sakamako, ya tara kalmomi. Ranar da ya iya furta abin da ke kan takarda, da wannan jarin zai fahimce shi. In kin yanke Hausa, kin kashe jarin, Faransancin da kika ba shi kuma gurgu ne, sai malami ya sha wahalar gyara shi.

An gwada wannan, ba yau ba. A Ife ta Najeriya, tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci koyar da yara shekara shida na firamare da Yarbanci, Turanci yana matsayin darasi, kuma ba su kasa a Turancin ba. A nan Kamaru, Farfesa Maurice Tadadjeu na Jami'ar Yawunde ya fara irin wannan aiki a 1981, dokar ilimi ta 1998 kuma ta ambaci bunƙasa harsunan ƙasa cikin manufofin makaranta. Dalilin a fili yake: gane cewa kowace alama a takarda tana ɗauke da sauti, sau ɗaya ake koyon sa a rayuwa, kuma ya fi saurin shiga da harshen da yaro ke mafarki da shi. Hausar boko yadda aka rubuta haka ake karantawa. Faransanci kuwa sautin o kaɗai ana rubuta shi o, au, eau, ga baƙaƙen ƙarshen kalma da ba a furtawa.

Ki samu allo da alli, ki ware minti 20 kullum a lokaci guda, misali bayan la'asar. Fara da wasula uku, a, i, o, domin sautinsu ɗaya ne a harsunan biyu. Ki riƙa ƙara baƙi biyu a mako daga cikin m, n, b, t, k, f, l, d. Sautin baƙin za ki koya masa, ki ja mmm da leɓe a rufe, kada ki ce masa "em", in ba haka ba, zai karanta gaɓar ma a matsayin "ema". Daga ma, mi, mo ku wuce zuwa kalmomin da ya sani: nama, kifi, nono, tafi. Sannan na Faransanci masu sauƙi: moto, ami, midi. Ki riƙa sauya jerin kowace rana, ki rufe hoto da hannu, don kada haddar ta dawo ta bayan gida. A ƙarshe ki faɗi kalma biyar ya rubuta. Sai ya zauna a kan wannan za ki nuna masa inda harsunan suka rabu: u ɗinmu su ou suke rubutawa, sh ɗinmu ch ne a wurinsu.

In an yi wata uku cif babu motsi, ki kai shi asibiti a duba ido da kunne, musamman in kunnen ya taɓa yin ruwa. Masu tallar maganin buɗe ƙwaƙwalwa a kasuwa kuɗinki kawai za su ci, bulala kuma tsanar takarda take koya wa yaro.

Maigida ya yi haƙuri da batun cirewa. A makaranta yaron ke jin Faransanci sa'o'i da yawa a rana, gida ba zai ba shi wannan ba. In za a ɗauko malamin yamma, ku zauna ku ga darasinsa na farko. Wanda ya buɗe littafin aji ya ce yaro ya maimaita bayansa, ku sallame shi. Kuma tun yanzu ku duba ko yaron yana da takardar haihuwa. Yara da yawa a arewacin nan suna kaiwa CM2, wato aji shida, a hana su zama jarrabawar kammala firamare ta CEP saboda rashinta, in lokacin rajistar haihuwa ya wuce kuma sai an bi ta kotu, ana ta je ka dawo. Shekara uku suka rage masa, ku fara bin ta a wannan zangon.