Tambayi likita: kwanakin ƙarshe na tafiya da ƙaramin yaro

Saƙonni huɗu na zaɓo wannan makon, biyu daga Makka aka turo su, daga iyayen da suka je umara da yara. Na lura yawancin rashin lafiyar yaro a tafiya sai an kusa dawowa take ɓullowa. Lokacin iyaye sun gaji, an shiga sayen tsaraba da ɗaure kaya da ɗawafin bankwana, abincin yaro da barcinsa sun rikice ba tare da kowa ya ankara ba.

Wata Hajiya daga Jega ta ce: "Likita, ɗana wata 14 gare shi. Da za mu zo ya yi ta tsala ihu, musamman da jirgi zai sauka Jidda. Jibi za mu koma, wata da muke ɗaki ɗaya ta ce in ba shi Phenergan ya yi barci. In ba shi?"

Hajiya, don Allah kada ki ba shi. An hana ba yaron da bai kai shekara 2 ba wannan magani, domin yana iya danne numfashi. Yaro na kwance a ƙirjinki, kina jin daɗi ya yi shiru, alhali numfashinsa ne ke raguwa, ga ku a sama babu asibiti. Ko Piriton ban yarda a ba yaro don ya yi barci ba.

Ihun nan kunne ne ke masa ciwo. Akwai wata siririyar hanya da ta haɗa cikin kunne da bayan hanci. Idan jirgi ya fara sauka, iska takan danna dodon kunne ciki, sai an haɗiye yawu ko an yi hamma hanyar ke buɗewa. Babba ya san ya yi hakan, yaro kuwa sai kuka. Saboda haka kamar minti 30 kafin sauka ki sa shi a nono, ko ki riƙa ba shi ruwa yana kurɓa. In yana barci ki tashe shi, na san da wuya a ran uwa, amma mai barci ba ya yawan haɗiya. In yana mura ki ɗiga masa ruwan gishiri na hanci. Paracetamol ma na taimakawa: miligiram 15 a kan kowane kilo na nauyinsa, wato yaro mai kilo 10 zai sha 150. Ki sa maganin a jakar hannu tare da famfas da kayan canji, kada ya tafi cikin akwati. Amma in kunnen na zubar da ruwa ko akwai zazzaɓi, likita ya duba shi kafin ku hau.

Wani Alhaji daga Argungu ya ce 'yarsa mai shekara 2 ta fara gudawa tun jiya, saura kwana uku su taso, suna ba ta zamzam.

Alhaji, ku ci gaba da ba ta zamzam a kofi mai tsabta, Allah ya sa albarka. Sai dai gudawa gishirin jiki take kwashewa tare da ruwa, dole a mayar. Ka je kemis ka sayo ORS, wato garin gishiri da sukari na mayar da ruwan jiki, a dama ƙunshin da yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa, a riƙa ba ta da cokali bayan kowane bahaya, wanda ya kwana ya wuni a zubar a dama sabo. A haɗa da zink, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya. Kada a hana ta abinci, kada a ɗura mata Flagyl ko maganin tsayar da zawo na manya. Ranar tafiya ka riƙe busassun ƙunshin a aljihu, ka sayi ruwan gora bayan an gama binciken filin jirgi, domin bayan an sauka daga jirgi akwai doguwar hanyar mota zuwa gida. In ka ga jini a kashin, ko idanunta sun faɗa, ko tana aman duk abin da ta sha, ko ta yi laƙwas, asibiti za ku nufa, a ɗaga tafiyar ko nawa za a biya.

Wata uwa daga Birnin Kebbi ta ce kwanansu shida da dawowa daga umara, ɗanta mai wata 10 na zazzaɓi da tari, idonsa ya yi ja, kakarsa ta ce canjin ruwa ne.

Malama, a ba Inna haƙuri, a kai shi asibiti yau, ko na Sir Yahaya ko wanda ya fi kusa. Zazzaɓi da tari da jan ido bayan shiga cunkoso, ƙyanda nake fara tunani. Takan yi kwana 10 zuwa 14 a jiki kafin ta bayyana, ƙurajen kuma daga bayan kunne da fuska suke farawa. Ki duba katinsa ko an yi masa allurar wata 9. A yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, kuma ki faɗa wa likita daga inda kuka dawo, da ko kun kusanci raƙuma ko kun sha ɗanyen nononsu, saboda cutar numfashi ta MERS da aka gano a Saudiyya a 2012. Kafin ku fita, ɗaga rigarsa ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya: 50 ko fiye a shekarunsa alamar ciwon huhu ce. Masu zuwa barka da dawowa kuma a daina miƙa musu shi, musamman masu goyo.

Daga Kamba wata ta ce ta je biki Dosso a Nijar, ranar rigakafin jaririyarta ta wuce da mako uku, ko sai an sake daga farko?

A'a 'yar'uwa, ba a sakewa. Kina dawowa ki ɗauki katin ki je asibitin da kika saba, za su ɗora daga inda aka tsaya.